Camry 2012 zuwa 2017: LE, SE ko XLE, wacce ta fi dacewa da mai iyali?

Abban Sadiƙ

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota. Ina son sayen Toyota Camry ta tsakanin 2012 zuwa 2017, 'yar Kwatano ko wadda ta shigo ta Legas, don hidimar gida: ni da mai ɗaki da yara uku. Aikinta kai yara makaranta da zuwa kasuwa a cikin Kano, sai kuma tafiya gida jefi-jefi, kuma hanyar garinmu akwai ramuka da gargada. An nuna min LE, an nuna min SE da XLE, har da wata XSE mai baƙin wili. Kowane dillali cewa yake tasa ce "ful ofshin", kuma tazarar kuɗi tsakaninsu ba kaɗan ba ce. Shin waɗannan haruffan suna canza inji ne, ko ado ne kawai? Wacce ta fi sauƙin riƙo? Na gode.

Malam Habu Gareji

Wa alaikumus salam Abban Sadiƙ. Fara da cire wannan daga ranka: harafin da ke bayan but ba ya canza inji. L, LE, SE, XSE da XLE duk inji ɗaya suke ɗauke da shi idan masu filogi huɗu ne, wato 2AR-FE mai lita 2.5 da ƙarfin doki 178, da giya mai canza kanta har sau 6. Wanda ya ce maka SE ta fi LE gudu, bai buɗe bonet ba. Inda inji ke canzawa shi ne in ka ga V6 mai filogi shida, wato 2GR-FE mai lita 3.5 da doki 268. A 2012 zuwa 2014 ana samunsa a SE da XLE, a 2015 zuwa 2017 kuma a XSE da XLE. LE ta Amurka ba ta zuwa da V6 a waɗannan shekarun.

Abin da haruffan ke canzawa uku ne: ƙafa, kujeru, da kayan jin daɗi. Ni ƙafar ce ta fi damuna, don ita ce za ta riƙa cin kuɗinka.

L da LE suna zuwa da rim na ƙarfe inci 16 da murfin roba, taya 205/65R16. SE mai filogi huɗu da XLE suna da rim na alminiyam inci 17, taya 215/55R17. XSE da SE mai V6 inci 18 ne, taya 225/45R18. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta tsakiya kuma ita ce ke gaya maka kaurin gefen taya, kashi nawa ne cikin ɗari na wannan faɗin. In ka lissafa, gefen tayar LE ya kai kusan milimita 133, na inci 17 kusan 118, na inci 18 kuma 101 kacal. Wannan robar ta gefe ita ce ke fara shanye dukan rami kafin ya kai ga rim da shokozoba. In taya mai gefe 101 ta faɗa rami da gudu, rim yana matse robar da bakin kwalta, zaren ciki ya tsinke, washegari ka ga ƙulu ya fito a gefe. Taya mai ƙulu ba ta faci, sai dai a jefar. Rim ɗin ƙarfe in ya lanƙwashe, mai faci zai buga shi da guduma ya miƙe ka ci gaba da tafiya. Na alminiyam yakan tsage, in aka yi masa walda kuma sau da yawa sai ya riƙa sakin iska a hankali.

Sannan SE da XSE an ƙara wa sifirin da shokozobarsu tauri don motar ta riƙe kwana. A titin da yake sumul abin daɗi ne. A hanyar da ka kwatanta, na kujerar baya ne za su gaya maka. Wata matsalar kuma a kasuwar kayan gyara take: in shokozobar SE ta mutu, yawancin abin da za a miƙo maka a Ƙofar Ruwa ko Panteka na Beljiyam ne da ba a san daga wacce aka ciro ba. Sai a sa na LE a gefe ɗaya, na SE a ɗaya gefen, mota ta riƙa rangaji. Duk wadda ka saya, a riƙa canza shokozoba biyu-biyu, gaba tare, baya tare.

Tsayin cikinsu daga ƙasa kusan ɗaya ne, wajen milimita 155, amma SE tana da ƙarin roba a ƙasan bamba da gefen ƙofofi, ita ce ke fara gogar tudun rage gudu in an cika mota da mutane da buhu a but.

L kuwa kada ka wahalar da kanka. Ita ce mafi ƙaranci, ba ta da rimot na buɗe ƙofa, kuma kamfanin ya daina ta daga 2015. Shawarata LE mai filogi huɗu.

Ɗanjuma Esi da Wayarin

Malam Habu, Allah ya ƙara basira, bayanin ƙafa ba abin da za a ƙara a kai. Amma a kan LE ɗin zan ɗan saɓa maka, saboda maganar yara uku a baya da zafin Kano na watan Afrilu.

LE da SE ba su da mafitar iskar esi a baya. Sanyin duk daga dashbod yake fitowa, sai ya ratsa tsakanin kujerun gaba kafin ya kai ga yara. XLE tana da mafita biyu a bayan akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, tana hura wa na baya kai tsaye. A ganina wannan kaɗai ne abin da XLE ta fi LE da shi wanda iyali za su ji a jikinsu kullum. Kuma ba abu ne da ake ƙarawa daga baya cikin sauƙi ba, don sai an canza akwatin tsakiya da bututun da ke bi ta ƙarƙashinsa.

Amma XLE tana da nata kuɗin. Esinta mai raba sanyi gida biyu ce, direba da nasa, na gefe da nasa. Ƙananan injuna ne na lantarki da ake kira servo a cikin dashbod ke juya ƙofofin iska. In ɗaya ya gaji za ka ji ƙas-ƙas-ƙas a bayan rediyo, ko gefe ɗaya ya yi sanyi ɗayan ya yi ɗumi. Kafin a ce servo ne a tsinke dashbod, a fara auna gas, domin ƙarancin gas ma yana kawo wannan alamar. Gas ɗinta R134a ne, kuma a cika shi da awo gwargwadon abin da aka rubuta a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, ba a yi ta ɗurawa har sai bututu ya yi raɓa ba. Gas da ya yi yawa yana kashe kwamfuresa kamar yadda ƙarancinsa ke yi. Akwai kuma matatar iska a bayan akwatin gaban fasinja, a riƙa ciro ta ana kakkaɓewa, a canza ta bayan hunturu. Esi da yawa da ake cewa ta mutu, ƙura ce ta toshe wannan matatar.

Sai rufin gilashi. Yana da ƙananan bututai huɗu a kusurwoyinsa da ke zubar da ruwa ƙasa. Ƙurar hunturu tana taruwa a ciki, ruwan farko na damina ya mayar da ita laka, bututu ya toshe. Daga nan ruwa zai bi ta silin ya sauka ta ginshiƙin gaba zuwa ƙarƙashin kafet, inda wayoyi suke. Kafin damina a buɗe rufin, a zuba ruwa kofi ɗaya a kowace kusurwa, a duba ko ya fito ta ƙasan mota. In bai fito ba a zura siririyar igiyar roba a hankali. Kada a hura da iskar mai faci, ƙarfinta yana cisge bututun daga mazauninsa, a koma gidan jiya.

Kan kujeru kuma, kada ka ɗauka kowace XLE fata ce. A 2012 zuwa 2014, XLE mai filogi huɗu da yadi take zuwa sai in mai ita na farko ya biya kuɗin fata. Daga 2015 ne fata ta zama ta kowa a XLE. Fata ta fi sauƙin gogewa in yaro ya zubar da kunu, amma rana tana busar da ita ta tsage in ba a rufe gilashin gaba. Na'urar ɗumama kujera da ke ciki don sanyin Amurka aka yi ta, kada dillali ya ƙirga maka ita a cikin kuɗi. Kujerar XSE mai laushi kamar karan-miski a tsakiya ita ce mafi wuyar wankewa a cikinsu.

In kuɗi ya kai, XLE mai filogi huɗu, in so samu ne marar rufin gilashi, ana samun irinta a 2015 zuwa 2017. In bai kai ba, LE.

Alhaji Mai Motoci

Duk abin da malaman nan suka faɗa zai yi amfani ne in motar da ke gabanka ita ce abin da aka rubuta a bayanta. Haruffan XLE da gam ake manna su. Ana sa wa LE rim inci 17, a kai ta wajen masu ɗinkin kujera a yi mata fata, a liƙa X a gaban LE. Ana kuma canza wa tsohuwa bamba da fitilu ta koma kamar ta shekarun baya-bayan nan. Ga yadda za ka gane.

Buɗe ƙofar direba, ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. A ƙasanta akwai lambar samfuri. ASV50L na nufin filogi huɗu, GSV50L na nufin V6, AVV50L kuma mai haɗin batir ce, wato mai aiki da fetur da lantarki tare. Bayan ɗan layi sai ka ga haruffa shida. CETNKA ita ce LE, CETSKA ita ce SE, CETGKA ita ce XLE. In bayan mota ya ce XLE takarda ta ce CETNKA, ka san da wa kake ciniki. In takardar babu ita, ko an fesa mata fenti, ko gefenta ya nuna an ɓare an sake mannawa, ka tambayi dalili, don galibi alamar an yi aikin fanal bita a wannan gefen ne.

Sai lambar shasi mai haruffa 17, wadda ake gani ta gilashin gaba a gefen direba. Harafi na 10 shi ne shekara: C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017. Wadda ta fara da 4T1 a Georgetown ta jihar Kentucky aka haɗa ta, mai 4T4 kuma a Lafayette ta Indiana, duk ɗaya ne wajen inganci. Lambar gilashi, ta ginshiƙin ƙofa da ta takardun kwastan dole su zo daidai harafi da harafi. Lambar shasin kaɗai ba za ta nuna maka LE ce ko XLE da ido ba, shi ya sa na fara da lambar samfuri.

Da wannan lambar ake biyan kuɗi kaɗan a intanet a ciro tarihin motar a Amurka. A nan za ka ga ko kamfanin inshora ne ya yi gwanjonta bayan haɗari ko ambaliya, da kuma tafiyar da ta yi a lokacin. Mitarsu da mil take ƙirga, ka ninka da 1.6 ka samu kilomita. Motar haɗarin bamba ko ƙofa ba abin gudu ba ce in an gyara da kyau. Ta ambaliya kuwa ka bar ta ko da XLE ce a farashin LE, domin yawan kayan lantarkin XLE shi ne yawan abin da ruwa zai lalata. Ɗaga kafet na but ka duba ramin safaya, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai layin laka, leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa.

Kowace Camry ta waɗannan shekarun jakar iska 10 take da ita, daga L har XLE, saboda haka ba a sayen tsaro da harafi. Abin dubawa shi ne ko jakunkunan suna nan. Kunna makulli ba tare da tada inji ba: fitilar jakar iska ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an rufe shi. A sa kwamfuta a karanta kafin a biya.

Duk wannan bayanin na 'yar Amurka ne. Wadda ta fito daga Saudiyya sunayenta daban, irin su GL da GLX, kayan cikinta ma ba lallai su zo daidai da waɗannan ba.

Abban Sadiƙ

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Saura abu biyu. Akwai XLE V6 ta 2013 da kuɗinta ya yi daidai da LE ta 2016, kuma akwai mai haɗin batir da aka ce ba ta shan mai. Yaya kuka gani?

Malam Habu Gareji

Tsakanin waɗannan biyun, LE ta 2016, ba tare da dogon tunani ba.

V6 inji ne mai ƙarko, ba a ƙi shi don lalacewa ba. Riƙonsa ne ya fi tsada. A awon hukumar Amurka, mai filogi huɗu tana shan kusan lita 8.4 a kilomita 100, V6 kusan 9.4. Wannan a titinsu ne. A cunkoson cikin gari da esi a kunne duka biyun za su haura haka, kuma tazarar tana ƙara faɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu neman V6 suka ragu, shi ya sa kake ganin kuɗinta ya sauko, kuma haka za ka same ta ranar da za ka sayar. Juyen baƙin mai a filogi huɗu lita 4.4 ne har da filta, V6 kuwa lita 6.1. Filogi uku na V6 suna can baya ta jikin dashbod, sai an cire bututun shan iska na sama kafin a kai gare su, don haka aikin da ake gamawa cikin minti 20 a ƙaramin inji yana cin sa'o'i a babban. Gudun da V6 ke bayarwa ba shi da wurin zuwa a hanyar makaranta.

Dukansu sarƙa ce ke juya su a ciki, ba bel ba, ba ruwanka da canjin bel na taimin. Abin da sarƙar ke so shi ne mai mai kyau. Kamfani ya rubuta 0W-20. Kada a zuba mata mai kauri irin 20W-50 wai don ƙasarmu da zafi, ƙofofin man da ke sarrafa bawul sirara ne, mai kauri ba ya isa da wuri, sai ka ji ƙara da safe in an tada. Da ƙurarmu, a juye duk kilomita 5,000. Lagireto kuma ruwansa mai launin hoda na Toyota, ba ruwan famfo ba, kuma kada a yarda wani ya cire tamostat. A riƙa leƙa famfon ruwan inji, in ka ga busasshen hoda-hoda a gefensa ya fara yoyo.

Dalili na biyu da ya sa na fi son 2015 zuwa sama shi ne giya. Masu filogi huɗu na 2012 zuwa 2014 an san su da wata karkarwa daga tok kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giya, har kamfanin ya tsawaita garantin wannan ɓangaren a Amurka. Duk wanda zai sayi ta waɗannan shekarun ya gwada haka: a bar mota ta yi zafi sosai, a hau titi mai santsi, a riƙe gudu tsakanin kilomita 40 zuwa 80 da totur kaɗan-kaɗan. In akwai matsalar za a ji motar ta yi ɓari na daƙiƙa ɗaya ko biyu kamar an taka ƙananan tudun rage gudu, in an ƙara totur ko an saki sai ta daina. Zagayen layi ɗaya da dillali ke bari a yi ba ya nuna wannan. In an kama da wuri, sabunta manhajar kwamfutar giya da canjin mai yakan rage ta. In ta yi nisa sai an sauke giya an canza tok kwanbata.

Giyar ba ta da sandar awon mai. Man giyar Toyota mai suna WS kaɗai take sha, ana zuba shi ta gefe, ana daidaita shi ta ƙasa lokacin da zafinsa yake wajen digiri 40 zuwa 45, da kwamfuta a haɗe. Juye ɗaya kimanin lita 2 yake fitarwa. Makanikin da ya ce zai auna da ido, ɗauke motarka.

Ƙarin abin da LE ta 2015 zuwa 2017 ta samu: kyamarar baya da kujerar direba mai lantarki duk suna zuwa da ita, abubuwan da a farkon zubin nan sai an ƙara kuɗi.

Ɗanjuma Esi da Wayarin

Mai haɗin batir da gaske ba ta shan mai, LE ɗinta kusan lita 5.7 a kilomita 100, kuma a cikin gari ta fi nuna bambanci. Amma motar 2012 zuwa 2017 batirinta ya tsufa, kuma zafi ne babban abokin gabarsa. Yana bayan kujerar baya, yana shan iska ta wata mafita a gefen kujerar. In yara suka toshe ta da jaka ko ƙura ta cika fankar, batir zai yi ta zafi har sassansa 34 su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Canza sashe ɗaya da na Beljiyam yana kashe fitilar dashbod na ɗan lokaci ne, don sauran ma shekarunsu ɗaya. Kafin a saya a sa kwamfuta a ga ƙarfin kowane rukuni yayin da motar ke tafiya, in ɗaya yana faɗuwa ƙasa da saura, a cire kuɗin batir daga ciniki. But ɗinta ma ya fi ƙanƙanta, kusan lita 370 maimakon 436.

Abin da ya fi kashe su a hannun masu gyara shi ne esi. Kwamfuresarta ta lantarki ce, man ND-11 kaɗai take ɗauka. In aka sa mata man kwamfuresa na sauran motoci, ko aka yi amfani da tiyon da ya saba ɗura wa wasu motoci, man yana lalata rufin wayoyin ciki, motar ta nuna matsalar babbar wuta, wani lokaci ta ƙi tashi. In ba ka da mai gyaran da ya san wannan kusa da kai, kuma a hanyar garinku ba lallai a samu ba, tsaya a kan LE ɗin 2016. Ka sa a yi mata labulen gilashin baya saboda yara, ka juya mafitun tsakiya na dashbod su kalli sama ta tsakanin kujeru, iskar za ta bi silin ta sauka baya.